Likkafanin Mai Iska

Jakina aka bar wa wasiyyar, ba ni ba. Ina tsugune ina gyara mangalar albasa da hantsi, sai tsohona ya zo ya dafa wuyan jakin, ya dube shi kamar wani dattijon unguwa, ya ce, “Kai dai ka ji. In nic cika, cikin zanen jirgina za a sa ni. A hwaɗa ma wancan.”

Wancan ni ne. Ni ne ɗansa na fari, kuma a Bodinga uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya dubansa ido cikin ido. Kunya ce, haka muka taras ana yi. In yana son in ji magana sai ya gaya wa matata, ko rumbu, ko duk abin da ya fi kusa, ni kuma in amsa wa abin da aka gaya wa. Ranar nan na ce wa jakin, “To, an ji.” Na ce an ji ne kawai don in rabu da maganar. Amma na san wane zane yake nufi, na kuma san abin da garin zai ce in aka naɗe shi a ciki.

Ina goye ya bar gida. Maɗinki ne, ya bi ayarin masu zuwa aikin hajji ta gabas, a ƙasa, irin tafiyar da ake yafe wa juna kafin a tashi. Wasu daga cikin abokan tafiyarsa sun komo bayan shekaru, suka ce sun baro shi a bakin Bahar Maliya da ransa da lafiyarsa. Daga nan shiru. Ƙanensa, baffana, shi ya rene ni, shi ya ba ni fadamar da nake noman albasa, shi ya yi mini aure. Mahaifiyata ta rasu tana jira, ko da yake ba ta taɓa cewa jira take ba. Ita ma ba ta kiran sunansa, ba ta kiran nawa. A gidanmu sunaye sun sha hutu.

Gemuna ya cika, ’ya’yana sun fara zuwa makarantar allo, sai ga shi ya dawo. Wani ɗan tsoho baƙi wuluk, busasshe, da sanda da buta da wani ƙunshi a fatar akuya wanda ba ya bari kowa ya ɗaukar masa. Ranar na yi murna, ba zan ɓoye ba. A lokacin Alhaji ba abin banza ba ne, kana iya zagaye ƙauyuka ba ka samu guda ba. Mutane suka yi ta zuwa daga Sifawa, daga Mandera, don su taɓa hannun da ya taɓa Ɗakin Allah. Na yi kwanaki ina tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Abin bai daɗe ba. In an tambaye shi Makka sai ya amsa a taƙaice, daidai, ba ƙari. In an tambaye shi Madina ya yi salati, ya share ido. Amma da wani ya yi kuskuren tambayar yadda ake ƙetare teku, shi ke nan an kunce bakin buhu. Mutum ya ga Ka’aba da idonsa, amma bakinsa na kan wani jirgi.

Mu jirgin da muka sani shi ne na mashigar gulbi, wanda aka fafe daga gungumen itace, ana tura shi da gora. Don haka wani dattijo ya tambaye shi, a zaurenmu, cike da mutane, “Alhaji, wace irin gora ta ka kai ƙasan ruwan nan?”

Ya ce, “Babu mai gora. Iska ka tura shi.”

A bakinmu iska biyu ce. Akwai wadda ke kaɗa ganye, akwai kuma wadda ke hawa kan mutum, ta ’yan bori, wadda malamai suka yi ta yaƙi da ita tun kafin a haife ni. A wancan zamanin ko garaya aka ji a gidanka sai ka yi bayani. Dattijon ya gyara zama, ya ba shi hanyar fita, ya ce, “Wace iska, Alhaji?”

“Iska dai. Wani zubin mu yi kwanaki muna jiran ta. In ta zaka sai mu ɗaga mata zane ta shiga, ta kai mu inda munka nuhwa. In ta yi hushi kuwa, sai addu’a.”

Ko maƙiyinsa ne aka ba aikin shirya masa magana ba zai tsara ta fiye da haka ba. A jira ta, a ɗaga mata zane, ta shiga, ta yi fushi. Wanda duk ya taɓa leƙa wurin da ake bori ya san wannan lissafin. Na ga mutane suna duban juna, na ga wani yana tofa addu’a a wuyan rigarsa. Ni kuma na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da tsinke.

Kafin kasuwa ta zagayo ya zama Alhaji Mai Iska. Ni na zama ɗan Mai Iska, kuma abokan wasana, da yake ba su da tsoron Allah, sukan manta da kalmar tsakiya in za su kira ni. Ina dariya tare da su, don in ka ɓata rai abin ya fi manne maka. Amma in na koma gida ko tuwo ba ya wuce mini.

Wahalar ta fi yawa ranar kasuwar Shagari. Can ne garin mahaifiyata, can nake kai albasa, kuma tsohon ya ƙallafa rai sai ya bi ni. Ba dama in hana, tunda ba ni yake gaya wa ba, jakin yake gaya wa cewa yau da shi za a je. Da mun isa sai ya sami inuwa kusa da inda na kasa kaya, samari su kewaye shi, wani ya ce, “Alhaji, a ba mu labarin jirgi mai ɗaurin zane.” Bai taɓa gane cewa zolaya ce ba, ko kuwa ya gane bai damu ba. Ni ina ba su baya, ina jera albasa ina sake jerawa, kunnena na wurin. Ta haka na haddace tarihin jirgin ba da son raina ba.

Ƙaramin jirgi ne, in ji shi, tsawonsa bai fi zaurenmu da rabin tsakar gida ba. An haɗa shi da alluna, da dogon itace guda a tsakiya inda ake rataya zanen. Wani masunci ne ya sa aka ƙera shi a gaɓar Yaman, ya yi ta kamun kifi da shi har ya tsufa. Da ya rasu ’ya’yansa suka sayar wa wani mutumin Sawakin, garin da alhazanmu ke hawa ruwa, shi kuma ya mai da shi na ɗaukar dawa da tumaki, da lokacin hajji kuma mutane. A nan suka haɗu. Tsohona ya iso bakin teku guzuri ya ƙare, ya tarar da mai jirgi na zage-zage a kan zanensa da ya yage. Ya zaro basilla ya ɗinke. Aka ƙetarar da shi a bakin ɗinkin, ya yi hajjinsa, ya dawo Jidda, ya tarar zanen ya sake yagewa.

Daga nan ya zama ɗan jirgi. Sun ɗauki gishiri, sun ɗauki gahawa, sun ɗauki dabino. Jirgin ya sake canza hannu, tsohona na ciki kamar tukunyar da aka saye shi da ita. Yakan ce ya san kukan kowane allo a jikinsa. Ƙarshen jirgin wata safiya ce, ruwa kwance lafiya lau, suka hau wasu duwatsu masu kaifi da ke ɓoye a ƙarƙashi, cikinsa ya tsage. Ba wanda ya mutu. Suka fita a ƙafa, ruwa iya ƙirji, suka zauna a gaɓa suna kallonsa yana wargajewa. Aka raba abin da ya saura, wani ya ɗauki igiya, wani tukunya, shi ya yanki tsakiyar zanen. Shi ne ƙunshin da ke cikin fatar akuya, wanda yake matashi da shi.

Duk wannan da sauƙi. Akwai wuri guda a labarin da in ya kawo nakan ji kamar in bar albasar in gudu. Yakan ba da labarin wata rana da hadari ya rutsa su a tsakiyar ruwa, suka sauke zanen, kowa ya kama abin da zai kama yana kalmar shahada. Sai ya rage murya, ya nuna inda nake da haɓa ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “Ni kam wancan nir rungume. Ban sake shi ba har ruwa yak kwanta.”

Samarin su fashe da dariya. Kowa ya san lokacin ina Bodinga ina tallar gyaɗa da wando guda. Wani ya ƙwala mini kira, “Kai ashe ka sha teku ba mu sani ba!” Ga masu cewa iska ta taɓa shi, wannan ita ce hujja, ba sai an nemo wata ba. Ni kuma abin yana mini ciwo ta wani wurin daban. Mutumin da ya bar ni a bayan uwata ya zauna wa wani katako shekara da shekaru, yau shi ne ke cewa ya rungume ni, a kasuwa, a garin kawunnaina. Ina jin haushi, ina jin kunya, kuma ba ni da bakin tambaya.

Sau ɗaya na ji ya taɓo dalilin daɗewarsa. Rumbu yake gaya wa, ina gyaran jinka a sama. Ya ce, “Kowace shekara ni kan ce bana za ni gida. Sai in duba hannuna in ga babu komi. Kunya tar riƙe ni, har nim manta hanya.” Na yi ta ɗaure ciyawa ban ce wa rumbun komai ba.

Ciwon ajalinsa ya zo da bazara, gab da faɗuwar ruwa. Bai yi tsawo ba. Yayar mahaifiyata, wadda nake kira Inna, tsohuwa masaƙiya, ta zo daga Shagari dubiya, ta zauna taya matata jinya. Baffana kuwa ya shirya tun da wuri. Ya sa an saƙa farin ƙyalle sabo, an wanke, an ninke an ajiye. Ban ga laifinsa ba. Yana son ɗan’uwansa, kuma ya sha nasa rabon na gori. Burinsa ko sau ɗaya a ga yayansa ya yi abu irin na mutane.

Tsohona ya cika da safe, rana ta ɗan ɗaga. Kafin a gama haƙa kabari zaure ya cika. Baffa ya fito da farin ƙyallensa ya miƙa wa liman. A nan ne ya kamata in yi magana. Ina duban fuskoki, duk waɗanda suka yi shekaru suna dariya ne, yau sun zo da fuskar mutunci, sun shirya su yafe masa su rufe shi kamar kowa. Ni ne zan sake tono maganar iska a kan gawarsa. Na so in yi shiru. Amma na riga na ce wa jakin an ji.

Na ce, “Baffa, ya bar wasiyya. Cikin zanen jirginai yac ce a sa shi.”

Baffa ya dube ni kamar na mare shi. “Wa yab bar ma wasiyyar?”

Ban iya ƙarya ba a gaban liman. Na ce, “Jakina yag gaya ma, ina wurin.”

Wani daga baya ya yi tari don ya danne dariya. A gidan mutuwa! Baffa ya matso kusa, ya rage murya, ya ce, “Ɗana, ka ruhwa muna asiri. Wasiyya ga jaki? Jakin za mu kira shaida? So kakai a ce gidanga an rasa likkahwani, an naɗe Alhaji cikin tsumman iskoki? Da rai an yi mai dariya, a bar shi shi tahi da mutunci.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ke cina. Liman, mutum ne mai sanyi, ya ce, “In dai da tsarki, kuma ya ruhe jiki, shari’a ba ta hana ba. Sabo hwari ya hi. Amma maganar mamaci da nauyi take, kuma kowa ya san yadda uba ka magana da ɗan hwari. A buɗe mu gani.”

Na shiga ɗakinsa na ɗauko ƙunshin. Tun da ya dawo ban taɓa sa masa hannu ba. Muka fita tsakar gida don a sami fili, ni da baffa da maƙwabta biyu, sauran maza suka biyo mu suka tsaya ta bakin zaure, mata suka ja baya suka laɓe a ƙofofin ɗaki. Na kwance fatar. Wani wari ya taso, na gishiri da tsohon kifi da hayaƙi. Kowa ya kama kusurwa muka ja.

Abin ya fi yadda nake tsoro muni. Ƙyalle ne mai kauri, launin ƙasa, maho a kan maho, wani fari, wani ja-ja, wani ba a san asalinsa ba. Tsaf yake, ba datti, ɗinkin kuma ko maƙiyi ya yaba, amma ko almajiri ba zai sa shi ya shiga kasuwa ba. Na ji ƙus-ƙus ta bakin zaure. Na kasa ɗaga kai.

Tun safe hadari ke haɗuwa ta gabas. Muna riƙe da shi sai iskar da ke gaban ruwa ta taso, ta shigo ta kan danga, ta cika zanen. Ya kumbura, ya yi wata ƙara fat, ya fizge mu. Baffa ya yi taga-taga, ni kaina sai da na turje da ƙafa na naɗe kusurwar a hannu. Maza huɗu, amma yana jan mu yamma kamar bijimi ya ga gida. Wani a bakin zaure ya ce a’uzu billahi. Wani kuma, ban san ko wane ne ba, ya ce a hankali, “Ashe wagga iska yaka nuhi.”

Da ya ɗaga sama haka, haske ya bi ta bayansa, sai wani maho ya fito sarai a tsakiya. Ya bambanta da sauran. Saƙar gida ce, irin tamu, mai ratsin baƙi da fari, da ɗan jan zare a baki ɗaya. An kewaye shi da ɗinki sau da yawa, layi a bayan layi.

Inna ta fito daga ƙofar ɗaki, ta ratso maza ba ta ko gyara lulluɓi ba. Ta ce, “Ku sauke. Ku sauke in gani.” Muka danne zanen ƙasa da gwiwa. Ta durƙusa ta shafa mahon, ta bi jan zaren da farce.

“Wagga saƙata ta,” in ji ta. “Baƙin zare yaƙ ƙare mini, nic cika da ja.” Ta ɗago ta dube ni. “Majanyinka na, ɗan nan. Da shi anka goye ka. Ranar tahiya uwarka ba ta iya ce mai komi ba, gaban mutane. Kwance ka tay yi daga baya, taƙ ƙulle mai gumba ciki.”

Ni dai na tuna kasuwar Shagari, da haɓar nan da yake nuna ni da ita, da samari suna riƙe ciki. Shekaru yana faɗa a gaban kowa, da iyakar bakin da al’ada ta bar masa, ni kuma ina jera albasa na ba shi baya. Ga ni ƙato da gemu, durƙushe a gaban mazan unguwa, an baje ƙyallen da na yi wa fitsari ina jariri, hawaye na zuba mini a kai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban nemi wurin ɓuya ba.

Baffa ya daɗe yana duban mahon. Ya ce, “To, a sa shi ciki. Amma wanga mai ratsi ba hwari ba na. A yanke ma ka shi ka aje, ka samu abin tunawa.” Har ya zaro wuƙa daga kube ya miƙo mini.

Na so in karɓa. Ba ni da komai na mahaifiyata, ba ni da komai nasa. Na dubi layukan ɗinkin nan da ya yi ta kewayawa don kada teku ta ƙwace, na ce, “A’a, Baffa. A bar mai abinai.”

Da aka gama wanka aka kira ni in taya naɗewa. Zanen ya yi masa yawa, don ɗan mutum ne, ya rage kamar kara. Muka shimfiɗe shi a kai, mahon ya faɗo wajen ƙafa. Na ce a ɗan ɗaga shi. Na ja zanen, na juya, na sake ja, har ratsin baƙi da fari ya zo daidai ƙirjinsa, ta ciki. Liman na kallo, bai hana ba. Muka ɗaure, muka ɗauka da sauri, don an fara yayyafi.